Maganin Karkarwa da Tattararren Sauti: Tiyatar Ƙwaƙwalwa Ba Tare da Yanka Ba

1.0 Gabatarwa

Karkarwar hannu tana daga cikin larurorin da jama'a suka saba ɗauka a matsayin abin da tsufa yake zuwa da shi, saboda haka ba kasafai ake kai mai ita asibiti ba. Amma idan ta yi tsanani takan raba mutum da sana'arsa. Tela ya kasa zura zare a allura, wanzami ya ajiye aska, malami ya kasa riƙe alƙalami. Wani ma ludayin kunu ba zai kai bakinsa ba sai rabi ya zube, har ya daina cin abinci a gaban mutane don kunya.

Wannan takarda za ta yi bayani a kan wata hanyar magance irin wannan karkarwa wadda aka fara amfani da ita a asibitoci cikin ƴan shekarun nan. A wannan hanya ana tattara sauti mai ƙarfi a kan wani ɗan wuri a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, a ƙona shi, ba tare da an yanka fata ko an huda ƙoƙon kai ba. Za a duba ire-iren karkarwa, da tarihin hanyar, da yadda na'urar take aiki, da sakamakon binciken da aka yi, da kuma illolinta. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, duk da babu wuƙa a cikin aikin, tiyata ce ta sosai, domin wurin da aka ƙona ba ya komawa yadda yake.

2.0 Ire-iren Karkarwa

A Hausa akwai kalmomi da yawa na wannan yanayi, kamar karkarwa da makyarkyata da kyarma da rawar jiki. Duk suna nuni ne da motsin da wata gaɓa take yi tana maimaitawa ba da son mai ita ba. A wurin likitoci kuwa, dole ne a fara gano musabbabin karkarwar kafin a yi maganar magani.

Akwai karkarwar da kan wuce idan an kawar da abin da ya jawo ta. Tsoro da fargaba da zazzaɓi da faɗuwar sukarin jini duk suna sa hannu rawa. Haka ma yawan cin goro ko shan gahawa da shayi mai ƙarfi, saboda sinadarin kafin da ke cikinsu. Wasu magunguna, kamar salbutamol na masu asma da valproate na masu farfaɗiya, su ma suna haddasa ta, haka nan idan ƙullun maƙogwaro da ake kira tayirod ya yi aiki fiye da ƙima. Irin waɗannan ba su da alaƙa da tiyata.

Iri biyu ne suka shafi wannan takarda. Na farko shi ne wanda za a kira karkarwa mai zaman kanta, wato wadda ba alamar wata cuta ba ce, ita ce cutar. Tana bayyana ne idan mutum ya miƙa hannu ko yana wani aiki da shi, kamar rubutu ko shan ruwa, ta lafa idan ya ajiye hannun. Takan kama hannu biyu, wani lokaci har da kai da murya. Bincike ya nuna tana samun kimanin mutum 1 cikin 100 na jama'a, amma a cikin waɗanda suka kai shekara 65 adadin yakan kai 4 zuwa 5 cikin 100. Wajen rabin masu ita akwai wani a danginsu da yake da ita.

Na biyu shi ne karkarwar cutar Parkinson, wadda aka sa wa sunan likitan Landan James Parkinson da ya bayyana ta a rubuce a 1817. Ita tana bayyana ne idan hannu yana hutawa, ta ragu idan an fara aiki da shi, kuma yawanci daga ɓangare ɗaya na jiki take farawa. Tana zuwa tare da sandarewar gaɓoɓi da nauyin jiki da jan ƙafa wajen tafiya. Musabbabinta shi ne mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu cutar sun haura miliyan 8 da rabi a duniya.

Magani na farko a duka biyun shi ne ƙwaya. Mai karkarwa mai zaman kanta akan ba shi propranolol ko primidone, mai cutar Parkinson kuma levodopa. Sai dai kusan rabin masu karkarwa mai zaman kanta ba sa samun sauƙin kirki daga ƙwayoyin, ko kuma su kasa jure illolinsu. Waɗannan su ne ake tunanin yi wa tiyata.

3.0 Inda Matsalar Take a Ƙwaƙwalwa

Ko da yake a hannu ake ganin rawar, tushenta yana cikin ƙwaƙwalwa. Saƙon da ke daidaita motsi yana tasowa daga ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, ya bi ta wani zango a tsakiyar kai mai suna talamus, sannan ya isa ɓawon ƙwaƙwalwa, inda ake ba tsokoki umarni. A jikin mai karkarwa, ƙwayoyin da ke kan wannan hanya suna harba saƙo tare a kan wani kari guda, sau da yawa a cikin sakan ɗaya, hannu kuma yana bin wannan kari.

A cikin talamus akwai wani ɗan gurbi da likitoci suke taƙaita sunansa da Vim, wanda faɗinsa bai wuce ƴan milimitoci ba. Tun a tsakiyar ƙarni na 20 aka gano cewa idan aka lalata wannan gurbi, karkarwa takan tsaya. Talamus biyu ne, na dama da na hagu, kuma kowanne yana kula da kishiyar ɓangarensa na jiki. Wanda ake so a kwantar wa da hannun dama, a talamus na hagu za a yi masa aiki. Wahalar ita ce, gurbin yana can ciki, kuma yana maƙwabtaka da hanyoyin da ke ɗauke da ƙarfin gaɓoɓi da jin taɓi. Kuskuren milimita biyu zai iya jawo rauni a hannu ko dindiris a leɓe.

4.0 Taƙaitaccen Tarihi

Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan. Abin da ya haura haka kunne ba ya kama shi. Irin wannan sauti ne ake amfani da shi wajen ɗaukar hoton jariri a cikin mahaifa, abin da ake kira sikanin a Nijeriya, ake kuma kira eko a Nijar. Wancan mai rauni ne, ba ya ƙona komai.

A 1880 wasu ƴan'uwa biyu a Faransa, Pierre Curie da Jacques Curie, suka gano cewa wasu duwatsu masu ƙyalli suna fitar da lantarki idan an matsa su. Daga baya aka tabbatar da cewa idan aka sa musu lantarki su ma suna kaɗawa, wanda shi ne tushen duk na'urorin samar da wannan sauti. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, Paul Langevin ya yi amfani da shi wajen neman jiragen ƙarƙashin ruwa, kuma an lura cewa ƙananan kifayen da suka shiga hanyar sautin suna mutuwa. Wannan ya nuna cewa sauti mai ƙarfi yana taɓa nama mai rai.

A 1942 John Lynn da abokan aikinsa a Amurka suka gwada tattara sautin a kan naman dabbobi. A shekarun 1950 William Fry da ɗan'uwansa Francis Fry na Jami'ar Illinois suka ƙera na'ura mafi inganci, kuma tare da likitan tiyata Russell Meyers na Iowa suka yi wa masu cutar Parkinson aiki da ita. Sai dai dole ne a lokacin a fara cire wani ɓangare na ƙoƙon kai, domin ƙashi yana hana sautin wucewa daidai. Ga shi kuma babu hanyar ganin abin da ke faruwa a ciki. Da levodopa ta bayyana a ƙarshen shekarun 1960, sai aka yi watsi da yawancin tiyatar karkarwa.

A 1987 Alim-Louis Benabid na birnin Grenoble a Faransa ya nuna cewa idan aka dasa siririyar waya a talamus ana aika mata lantarki daga batir, karkarwa tana tsayawa ba tare da an ƙona komai ba. Wannan hanya ta dashen waya ta zama babbar tiyatar karkarwa a duniya, kuma har yanzu ana yin ta.

Sautin ya dawo fage ne a shekarun 1990, lokacin da Kullervo Hynynen da Ferenc Jolesz da abokan aikinsu a Boston suka haɗa shi da na'urar hoto ta MRI, aka kuma samo dabarar ratsa ƙoƙon kai. Kamfanin Insightec, wanda aka kafa a Isra'ila a 1999, shi ya ƙera na'urar Exablate da ake amfani da ita. A 2009 likitoci a Zurik ta Suwizalan suka ba da rahoton yi wa masu matsanancin ciwon jijiya aiki da ita. A 2011 Jeffrey Elias na Jami'ar Virginia ya fara gwada ta a kan masu karkarwa mai zaman kanta.

5.0 Yadda Na'urar Take Aiki

Misalin da ya fi kusa shi ne na gilashin da yara suke tattara hasken rana da shi su ƙona takarda. Hasken da ke ratsa gilashin ba ya ƙona hannun da ke kusa da shi, amma a ɗigon da ya haɗu wuta takan tashi. Haka wannan na'ura take. Tana da siffar hular kwano, kuma a cikinta an jera ƙananan masu fitar da sauti guda 1,024, kowanne yana kaɗawa kimanin sau 650,000 a sakan. Sautin kowane ɗaya ba shi da ƙarfin yin lahani ga abin da ya ratsa. A inda duka suka haɗu ne zafi yake tashi.

Ƙoƙon kai yana kawo matsala biyu. Ta farko, kaurinsa ba ɗaya ba ne a ko'ina, kuma sauti yana gudu a cikin ƙashi fiye da yadda yake gudu a nama, don haka sautukan ba za su isa tare ba. Ana magance wannan da ɗaukar hoton CT na kan majiyyaci tun kafin ranar aiki. Kwamfuta tana auna kauri da taurin ƙashin da ke gaban kowane mai fitar da sauti, sannan ta tsara wa kowanne lokacin tashinsa. Kamar fatake ne daga ƙauyuka daban-daban da suke so su shiga kasuwa lokaci guda: na nesa ya yi sammako, na kusa ya ɗan jinkirta.

Matsala ta biyu ita ce ƙashi yana shanye sauti ya yi zafi. Saboda haka ake cika tsakanin hular da fatar kai da ruwan sanyi mai zagayawa, wanda aka cire wa iska. Ruwan yana sanyaya kai, kuma shi ne gadar da sautin yake bi, domin irin wannan sauti ba ya wucewa ta iska yadda ya kamata.

Na'urar MRI kuwa ita ce idon likita. Tana nuna masa taswirar ƙwaƙwalwa don ya zaɓi wurin aiki, kuma tana auna zafin wurin duk bayan ƴan sakanni yayin da ake sakin sautin.

6.0 Ranar Aiki

Ana fara aske kan majiyyaci ƙwal, domin gashi yana riƙe kumfar iska. Sai a yi masa allurar kashe zafi a wurare huɗu na fatar kai, a ɗaura masa wani firam na ƙarfe da zai hana kan motsi. Daga nan ya kwanta a gadon MRI, kansa a cikin hular. Ba a sa shi barci, saboda ana bukatar ya riƙa magana da likita. Akwai kuma maɓalli a hannunsa da zai danna ya tsayar da aikin idan ya ji abin da bai gamsu da shi ba.

Ana sakin sautin ne kashi-kashi, kowane kashi na sakan 10 zuwa 20 ko ɗan fiye. Da farko ana ɗumama wurin kaɗan, zuwa digiri 40 da ƴan kai, don a tabbatar zafin yana sauka inda aka nufa. Sai a ƙara zuwa wajen digiri 50. A wannan mataki ƙwayoyin wurin sukan daina aiki na ɗan lokaci ba tare da sun mutu ba. Likita zai fito da majiyyaci, ya ce ya miƙa hannu, ya zana da'ira mai nannaɗewa a takarda, ya yi kamar zai sha ruwa, ya kuma tambaye shi ko yana jin dindiris a leɓe ko a yatsu. Idan karkarwar ta ragu babu wata illa, an sami wurin ke nan. Idan wata illa ta bayyana, sai a gusa da milimita ɗaya ko ƙasa da haka a sake gwadawa.

Bayan an tabbatar, sai a ɗaga zafin zuwa tsakanin digiri 55 da 60, wanda yake kashe ƙwayoyin wurin har abada. Tabon da ake bari ƴan milimitoci ne. A lokacin sakin sautin wasu sukan ji ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya, amma yakan wuce. Aikin duka yakan ɗauki awa biyu zuwa huɗu, kuma yawancin majiyyata suna komawa gida a ranar ko washegari.

7.0 Sakamakon Bincike da Illoli

Babban gwajin da ya buɗe wa wannan hanya ƙofa an wallafa shi a 2016 a mujallar likitanci ta New England. An ɗauki majiyyata 76 masu karkarwa mai zaman kanta waɗanda ƙwayoyi suka gaza a kansu. An yi wa 56 aikin gaske, sauran 20 kuma aka sa su a na'urar ba tare da an saki sauti ba, kuma ba su san rukunin da suke ba. Bayan wata uku, karkarwar hannu ta ragu da kashi 47 cikin 100 a rukunin farko, a rukuni na biyu kuwa kusan babu canji. Bayan shekara ɗaya ragin ya tsaya a kashi 40 cikin 100. Binciken da aka ci gaba da yi a kan wasu daga cikinsu ya nuna cewa sauƙin ya ɗore har shekara biyar a wurin mafi yawa, ko da yake akwai waɗanda karkarwar ta ɗan dawo musu.

Gwajin ya kuma fito da illolin. Kashi 36 cikin 100 sun sami tangaɗi wajen tafiya, kashi 38 kuma sun sami dindiris ko tsikari a yatsu ko a baki. A wurin yawancinsu abin ya wuce da kumburin wurin ya saɓe, amma bayan shekara ɗaya kashi 9 suna nan da matsalar tafiya, kashi 14 kuma da dindiris.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da hanyar don karkarwa mai zaman kanta a Yulin 2016, sannan don karkarwar cutar Parkinson a Disambar 2018. A 2021 ta amince da yin aikin a wani gurbi dabam mai suna falidum, don rage sandarewa da fizge-fizgen da doguwar shan levodopa take jawowa. A gwajin wannan aiki da aka wallafa a 2023, mai majiyyata 94, kashi 69 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin gaske sun sami sauƙi bayan wata uku, a ɗaya rukunin kuma kashi 32. Da farko ɓangare ɗaya kawai ake yi wa aiki, domin tsohuwar tiyata ta nuna cewa ƙona talamus biyu yana iya lalata magana da haɗiya. A ƙarshen 2022 aka amince a yi wa ɓangare na biyu ga masu karkarwa mai zaman kanta, bisa sharaɗin a bar aƙalla wata tara tsakani.

8.0 Wanda Aikin Ya Dace da Shi

Ana yin aikin ne ga wanda aka tabbatar da irin cutarsa, aka gwada masa ƙwayoyi suka gaza, kuma karkarwar ta hana shi harkokinsa na yau da kullum. Wanda ba zai iya shiga MRI ba, misali saboda wani ƙarfe a jikinsa, ba a yi masa. Akwai kuma sharaɗin ƙoƙon kai. Likitoci a Jami'ar Yonsei ta Koriya ta Kudu sun nuna cewa idan tsakiyar ƙashin ta yi laushi ƙwarai idan aka kwatanta da bayansa, sautin ba ya ratsawa da isasshen ƙarfi. Ana auna wannan daga hoton CT, kuma wanda awonsa ya gaza kimanin 0.4 da wuya a kai zafin da ake bukata a kansa.

Idan aka kwatanta da dashen waya, kowace hanya tana da riba da hasara. Dashen waya yana bukatar huda ƙoƙon kai, da haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, da sauya batir, da yawan komawa asibiti don saiti. Amma ana iya ƙara ƙarfin lantarkin ko a rage ko a kashe shi, kuma ana iya yi wa ɓangare biyu a lokaci guda. Aikin sauti kuwa sau ɗaya ake yi, ba a bar komai a jiki, wanda ya sa ya dace da tsofaffi da waɗanda suke nesa da asibitin ƙwararru. Hasararsa ita ce idan illa ta zauna, babu maɓallin da za a murɗa a janye ta.

Ga mai cutar Parkinson akwai ƙarin bayani. Aikin yana kwantar da alama ce kawai. Mutuwar ƙwayoyin dofamin tana ci gaba, kuma majiyyaci zai ci gaba da shan maganinsa.

9.0 Kammalawa

An ga cewa tattararren sauti ya cika burin da masana suka fara nema tun 1942, wato isa tsakiyar ƙwaƙwalwa ba tare da buɗe kai ba, kuma abin da ya sa ya yiwu shi ne haɗuwar kwamfuta da hoton CT da na MRI. Na'urar tana da tsada ƙwarai, kuma yawancinta tana manyan asibitocin Amurka da Turai da gabashin Asiya ne.

Ga mai karkarwa a Kano ko Damagaram ko Marwa, matakin da ya fi kusa shi ne ganin likita don a gano irin karkarwar. Wata ta tayirod ce ko ta wani magani da yake sha, kuma tana warkewa. Wata kuma propranolol, wanda tsohon magani ne mai araha, zai rage ta, amma da izinin likita, domin yana da haɗari ga mai asma. Levodopa tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda duk waɗannan suka gaza a kansa, kuma yake da halin fita waje, ya kamata ya nemi a auna masa ƙoƙon kai, a kuma yi masa bayanin yiwuwar tangaɗi da dindiris dalla-dalla, kafin ya sa hannu a takardar yarda.